Wayar Baturen Gwaggo

Da na sami aikin haɗa magani a wani asibiti a Madina, a tsakiyar shekarun casa'in, abu ɗaya mahaifina ya ja min kunne a kai: in nemi ƙanwarsa. Gwaggon nan tamu tun da ƙuruciyarta ta bi mijinta na fari zuwa ƙasa mai tsarki, ba mu sake ganinta a Kano ba sai a hoto. Mun san mijin ya rasu, mun kuma san ta sake aure, amma a gidanmu ba a cika son zancen auren na biyu ba. In ya taso sai a ce, "Ai Bature ta aura," a kama wata hirar.

Ni da rawar kaina na zaci zan tarar da wani jan mutum da gajeren wando yana zuƙar lofe. Na ɗauki tasi daga Khalidiyya, inda asibiti ya ba ni masauki, muka yi ta ratsa gonakin dabinon Awali masu dogayen katangu har muka kai gidan. Wanda ya buɗe min ƙofa wani dogon tsoho ne da ya fara rankwafawa, gemunsa fari fat, idanunsa kamar na mage, jallabiyarsa duk baƙin mai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan Kano. Shigo, gwaggonka tana can tana faɗa da tukunya."

Hausar Gwaggo ce a bakinsa sak, har da rantse-rantsenta, sai dai har ya bar duniya bai iya cewa ƙofa ba, kofa yake cewa. Mutumin Norway ne. Ya yi rabin rayuwarsa yana gyaran injin jirgin ruwa, aiki ya kawo shi Yanbu lokacin da ake faɗaɗa tashar jiragen, a can ya musulunta, ya zo ziyara Madina ya ji ba ya son tafiya. Wani dattijo ɗan Nijar ne ya haɗa shi da Gwaggo. Da na san shi, injinan ban ruwa na gonakin unguwar yake gyarawa, kuma Gwaggo ce ke tsaya masa a takardun zama, abin da ba ta taɓa bari ya manta ba. In suka saɓa sai ta ce, "Ka kiyaye ni, ni ce kafilinka." Shi kuma ya ce, "Tayyib, ranki ya daɗe."

Baba nake ce masa. Shi kuma likita yake ce min, duk da na sha gaya masa ni ba likita ba ne. Kowace Juma'a in an sauko daga Harami a gidansu nake cin abinci, tuwon shinkafa da miyar kuka, shi yana ci da cokali Gwaggo tana hararar cokalin. Yau da nake rubutun nan a Kano, su biyun duk suna kwance a ƙasar Madina, kuma babu Juma'ar da za ta zo ban ji kewar tabarmar nan ta ƙarƙashin dabino ba.

Labarinsa kuwa wani yaro mara kunya ne ya jawo na ji shi. Na sayi wata tsohuwar mota, na ɗauki Baba za mu je sayen wani ƙarfen inji, na tsaya a gaban shagon. Sai wani matashi ɗan ƙasa ya zuge gilashin motarsa ya daka min tsawa, "Ya rafig, harrik sayyara," wato in kau da motata. Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san kalmar rafig. Da ita ake kiran baƙon lebura, mai shara ko mai ɗaukar kaya, wanda ba a ga amfanin tambayar sunansa ba. Ni da digirina da farar rigar asibiti, raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe ƙofa zan fita in nuna masa daga inda na fito, Baba ya riƙe min hannu.

Ya ce, "Zauna, likita. Kai an kira ka da ita kana fushi. Ni fiye da shekara arba'in ina jiran mutum ɗaya ya kira ni da ita."

Na kau da motar ina ƙunƙuni. Da muka kama hanya na tambaye shi me yake nufi. Ya ce ai rafig asalinta abokin tafiya ne, kuma da ita 'yan kwaminis na Larabawa suke kiran junansu. A harshensu kuma kamerat ake cewa. Na ce to, irin kwamared ɗin da 'yan ƙungiyar ƙwadago suke liƙa wa sunansu a gida. Ya ce ita ce. Daga nan ya mai da idonsa kan hanya, ni kuma na ga ba ranar tambaya ba ce.

Sai da aka yi makonni, ranar da na kai shi Yanbu, sannan ya buɗe min. Lokaci-lokaci kewar teku takan taso masa, ya rasa sukuni, Gwaggo ta ce, "Don Allah kai shi ya ga ruwansa mu huta." Muka sayi soyayyen kifi muka zauna a bakin ruwa, hayaƙin matatun mai yana tashi a bayanmu. Ya ci kifin yana kushe shi, wai kifin ruwan zafi ba shi da ɗanɗano, amma bai bar ko ƙaya mai nama ba.

Ya ce su biyu ne wurin mahaifiyarsu, shi da wansa, a wani ƙaramin garin masunta. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Jamusawa suka mamaye ƙasarsu, wan ne ya shigar da shi jam'iyyar kwaminis, shi yana saurayi ko gemu bai fara ba. Da kwalekwalen mahaifinsu suke tsallakar da mutanen da ake nema, wan yana riƙe da akala, shi yana kula da inji. Da yaƙi ya ƙare jam'iyyar ta fito da farin jini, don kowa ya san sun sha wuya. Ya ce a shekarun nan har waɗanda ba sa son aƙidarsu suna cire musu hula a hanya.

Ba a daɗe ba shugabannin suka rabu gida biyu. Akwai waɗanda suka yi yaƙin a cikin ƙasa, suna ɓuya a duwatsu tare da jagoransu. Akwai kuma waɗanda suka dawo daga kurkukun Jamusawa da gudun hijira, suna ganin su ne asalin masu jam'iyya. Kowane ɓangare ya ce ɗayan ya kauce hanya. Daga kauce hanya aka koma cewa sun kafa wata jam'iyya a ɓoye cikin jam'iyya, daga nan aka koma 'yan leƙen asirin abokan gaba. Wata rana ɓangare ɗaya ya shiga babban ofishinsu na birni ya fitar da ɗayan da ƙarfin tsiya. Sannan aka aika wa kowane reshe cewa ya zauna ya bayyana inda ya tsaya.

Na ce, "To Baba, a kan me ake rigimar takamaimai?"

Ya gyara zama ya yi min bayani mai tsawo, a kan manoma, da kishin ƙasa, da abin da wani ya rubuta a jarida da abin da wani ya ce yana nufi. Na saurara iyakar ƙoƙarina. Wallahi ban ga abin da ya kai a hana mutum gaisuwa ba. Na ce, "Baba, wannan ai santsi da taɓo ne." Na ba shi labarin yadda jam'iyyar talakawa ta dare biyu a Kano ina yaro, mahaifina yana ɓangare ɗaya ƙanensa yana ɗayan. A zaure za su zagi shugabannin juna tas, har maƙwabta su leƙo, amma da an kawo tuwo kwano ɗaya suke sa hannu.

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Ku kuna da suna, kuna da jana'iza, kuna da sahun salla, dole kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Mu a lokacin ba mu da komai sai jam'iyyar. Ita ce gidanmu, ita ce danginmu. In an fitar da kai babu inda za ku sake haɗuwa."

A reshen garinsu wansa ne shugaba. Aka taru a wani ɗakin taro mai warin kifi da jiƙaƙƙun riguna, aka ce kowa ya la'anci jagoran duwatsun da mutanensa. Baba ya miƙe ya ce shi ba zai kira mutumin da suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa maci amana ba, don bai ga amanar da ya ci ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka ce a ɗaga hannu a kan korarsa, ya ga hannuwan mutanen da ya tsallakar da wasunsu a kwalekwale. Wan bai ko dube shi ba, ya ce wa jama'a, "Daga yau kada wanda ya sake ce wa mutumin nan kamerat."

"Mutumin nan," Baba ya maimaita min, yana kallon ruwa. "Ɗaki ɗaya muke kwana a lokacin, likita."

Mahaifiyarsu ta koma ba su abinci a lokuta daban-daban. Abokai in sun hango shi sai su tsallaka titi. Da ya ga zaman ba zai yiwu ba ya shiga jirgin ruwa, tafiyar da ta ƙare a gonakin Awali. Ko da mahaifiyar ta rasu yana tsakiyar teku, sai daga baya ya ji.

Na tambaye shi ko har yanzu yana kan aƙidar. Ya ce ina, Allah ya musanya masa da abin da ya fi, kuma ga shi babbar ƙasar kwaminis da suke wa kallon alƙibla ma ta wargaje, jam'iyyar tasu in aka tara ta yanzu bas ɗaya za ta kwashe. Na ce to me ya rage? Ya ce, "Ni ban ci amana ba. So nake ya faɗa da bakinsa. Kalma ɗaya ce, ya mayar min da ita."

A ranar na gane abin da ke fitar da shi daga gida kowace ranar ɗaya ga watan Mayu, ranar ma'aikata, wadda a Madina ba wanda ya san da zamanta. A garinsu ranar ce suke fita da jajayen tutoci, shi da wan a sahu ɗaya. Tun da ya samo lambar gidan wan a wurin wani ma'aikacin jirgi ɗan garinsu, duk shekara a ranar yake buga masa waya. Daga shekarar nan ni na zama direbansa. Zai yi wanka, ya sa farar jallabiya wadda Gwaggo ta goge, ya shafa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure, in kai shi kabina, shagon nan da ake shiga ƙananan ɗakuna a buga waya ƙasar waje. Ni ina tsaye a waje ina kallonsa ta gilashi.

Kullum abu ɗaya ne. Wan zai ɗauka. Baba zai ce, "Ni ne." Sai shiru. Ba zagi, ba tambaya, numfashi kawai, sannan a ajiye. Baba zai fito ya shiga mota yana ba ni rahoto kamar wanda ya dawo daga doguwar hira. Wata shekara ya ce, "Bana ya ɗan jima kafin ya ajiye." Wata shekarar kuma, "Yana da mura, na ji a numfashinsa." Akwai shekarar da ya ji kukan tsuntsayen teku ta cikin wayar, ranar har muka isa gida bai ce uffan ba.

Abin yana ci min rai matuƙa. Sau ɗaya na ce ya ba ni wayar in wanke tsohon nan da Turanci, in tambaye shi ko shi ya halicci jam'iyyar. Baba ya ce, "Halas, ya isa haka, likita, ba ruwanka. Wana ne." Gwaggo ma ba ta raga masa. Tana zuba shayi tana cewa, "Ni ban taɓa ganin gaba irin ta mutanen nan ba. Yo ko uwar mutum aka zaga ai ya ci a ce an huce. Kai kuma da naci kamar mai bin tsohuwar budurwa." Amma duk kakar dabino ita ce take zaɓo masu kyau ta cika kwali ta ce a aika wa wan mijinta. Ba a taɓa dawo da kwalin ba, ba a kuma taɓa cewa an gode ba.

Haka muka yi ta yi har aka shiga shekarun dubu biyu, wayar hannu ta zo, kabina suka fara rufewa. Baba ya daina gyaran inji, ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Ni nake kawo masa magungunan zuciya, yana karɓa yana cewa ga shi dai ƙarshenta na zama likitan. Da jikin ya tsananta aka kwantar da shi a asibitin da nake aiki.

A ɗakin maza ba a barin mace ta zauna jinya, don haka Gwaggo sai dai ta zo lokacin ziyara ta koma. Ranar farko wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ta tambaya da Larabci wane ne murafig, wato wanda zai zauna da mara lafiya. Na ce, "Ana," wato ni ne. Da ta fita na ga Baba yana murmushi ta cikin robar iskar da ke hancinsa.

Ya ce, "Ka ji abin da ka amsa? Murafig, rafig, uwarsu ɗaya. Da kana neman dukan yaron mutane a kanta."

Na ce, "Baba, kwanta ka huta, ba a son kana yawan magana." Amma ya faɗi gaskiya, kuma na ji daɗin kalmar a ranar.

Yana kwance ɗaya ga Mayu ta zo. Na yi fatan ya manta, don ban ga yana da ƙarfin da zai ɗauki shirun nan ba. Da hantsi ya ce in ɗauko masa turarensa a cikin jaka. Na shafa masa a gemu da hannuwa, na ɗaga masa gado, na danna lambar da na riga na haddace, na kara masa wayar a kunne.

Muryar mace na ji. Suka yi 'yar magana, daga baya ya gaya min 'yar wan ce, ita take kula da uban yanzu. Sai ta miƙa wa uban wayar. Baba ya ce abin da ya saba cewa, wanda ko ni na iya shi a harshensu. Na jira shirun.

Sai na ji murya ta fashe a cikin wayar, muryar tsoho mai ƙarfi, yana magana da sauri yana dariya. Baba ya ƙanƙame min wuyan hannu. Fuskarsa ta yi wani irin haske da ban taɓa gani ba, hawaye yana bi ta cikin gemu, yana amsawa da guntayen kalmomi. Ban san harshen ba, amma na ji muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Ni ma idona ya cika, ina ta hamdala a zuci, har na fara tsara yadda zan ba Gwaggo labari.

Can sai na ji maganar ta sauya. Baba ya yi tambaya, na tsinci kalmar kamerat a ciki. Muryar can ta amsa da fara'a. Ya sake tambaya a hankali, yana rarrabe kalmomin, aka sake amsawa da dariya. Hannunsa ya saki nawa. Ya ɗan ƙara saurarawa, ya yi sallama, ya kau da kansa daga wayar.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Yau dai ya yi magana."

Ya goge hawayen da ke gemunsa. Sannan ya ce, "Ya kira ni da sunan da yake kirana muna yara. Ya ce ina na tsaya, in yi sauri in dawo gida, Mama ta dafa kifi. Ya ce in ɗaure kwalekwale da kyau, iska za ta taso."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"Na ce masa, ka tuna taron nan? Ya ce wane taro? Na ce ka tuna abin da ka ce kada a sake kirana da shi? Ya ce wa ya isa ya hana a kira ƙanensa da wani abu, in gaya masa sunan mutumin." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi daɗin ji ba. "Hankalinsa ya tafi, likita. 'Yar ta gaya min tun farko, ban yarda ba. Bai janye ba, bai kuma ce na yi gaskiya ba. Mantawa ya yi. Wanda ya kore ni ya tafi da kalmata, babu wanda zan karɓa a wurinsa."

Na ce masa ai wannan ma rahama ce, ga shi ya sami wansa. Ya ce, "Uskut," wato in rufe baki, ya juya fuskarsa bango. Na ji haushin kaina, na ji haushin tsohon can na bakin teku, na ji haushin mutanen da suka ɗaga hannu a ɗakin taron da ban taɓa gani ba, waɗanda na tabbata yawancinsu ƙasa ta daɗe da cinye su. Na zauna a kujerar murafig ina kallon bayansa yana hawa yana sauka. Abincin rana ya zo ya huce bai taɓa ba. Da Gwaggo ta zo ziyara ta ga yanayinsa, ta dube ni, na girgiza mata kai, ta zauna tana matsa masa ƙafa ko faɗan da ta saba ba ta yi ba, abin da ban taɓa gani a wurinta ba.

Bayan la'asar, ya yi sallarsa a kwance, sai ya juyo ya neme ni da ido.

"Ya rafig," ya ce, "sake kira min shi."

Na ce, "Baba, ba zai tuna ba. Me za ka ce masa kuma?"

"Zai yi ta jira a bakin taga, na san halinsa. Zan gaya masa na ɗaure kwalekwalen, kada ya damu."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuma na ɗauko wayar na fara danna lambar.